Kumburin da ba a nuna miki a TikTok

Watan Afrilun da ya wuce yayata ta dawo Tasawa daga Tunis, hannuwanta biyu a naɗe. 'Yar kasuwa ce mai saro kaya a waje. Bayan ta rage ƙiba sosai, fatar damatsanta ta saki tana reto, har ta tsani madubi. Ta tara kuɗinta, ta je aka yi mata tiyatar rage fatar damtse. Ban zo yi mata shari'a ba, jikinta ne, guminta ne. Abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwana 10 da aikin ta hawo jirgi. Daga Yamai ta shiga bas, tafiyar sama da kilomita 700, hannuwa a sake cikin zafin bazara. Ko da ta iso, kumburi ya sauko har yatsu, zobe ya ƙi fita. Inna ta duba ta ce: "Wannan mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi ƙaho." Gwaggonmu ta Mayahi ta ce bakin mutane ne. Na ce: "Inna, don Allah ku dakata in tambaya." Na kira wani abokina ma'aikacin lafiya a Maraɗi, ya yi mana bayanin da ya kamata a ce ta ji tun kafin ta biya ko dala.

Ga shi a taƙaice. Yankan yakan tashi daga hammata zuwa kusa da gwiwar hannu, ta cikin damtse. Wurin hanya ce ta ƙananan jijiyoyin da ke kwashe ruwan jiki, in an taɓa su dole ruwa ya taru. Kumburi ya fi tsanani a kwanakin farko, ya riƙa sauka cikin makonni, ragowarsa kan kai wata 3 zuwa 6. Ana sa matsattsiyar rigar hannu kamar mako 4 zuwa 6, a ɗora hannuwa kan matashi in za a kwanta. Babu ɗaukar kaya mai nauyi cikin wannan lokaci. A gidajenmu wannan na nufin babu daka, babu jan guga, babu ɗaga yaro a goya. Wani sashe na fatar kan daina jin taɓi na ɗan lokaci. Tabon kuwa ba ya ɓacewa, yakan ɗauki shekara ko fiye kafin ya kwanta, kuma mu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tasowa.

Akwai kumburin da ba a jira da shi. In hannu ɗaya ya haye farat ɗaya ya yi tauri, ko wurin ya yi zafi da ja, ko ɗinki ya buɗe yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a nufi asibiti. In ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, musamman bayan doguwar tafiya, jini ne ke iya daskarewa, kuma yana kisa. Na yayata ba ya cikin waɗannan. Da an sa mata aska da ƙaho kusa da ɗanyen ɗinki, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana.

To laifin wa? Ba na Inna ba ne, abin da ta sani ta faɗa. Asibitin da ya karɓi kuɗin ya nuna wa yayata hoton "kafin" da na "bayan", ya tsallake watannin da ke tsakani. Ya sallame ta da takarda cikin Faransancin likitoci, ba wanda ya tambaye ta nisan garinsu, ko wa zai duba ɗinkin in ta koma.

Kada a ce wannan matsalar masu kuɗi ce. Matar da aka yi wa fiɗa wurin haihuwa, da dattijon da aka yi wa aikin gwaiwa, sau nawa suke komawa ƙauye da takardar magani kaɗai? Na san ma'aikatanmu sun yi kaɗan, aiki ya yi masu yawa. Amma bayanin minti biyar da Hausa ya fi araha a kan ciwon da ya ruɓe aka sake dawo da shi a amalanke.

'Yar'uwa, kafin ki kwanta a yanka ki, ko wace irin tiyata ce, ki yi tambaya uku: kumburin zai kai yaushe? Wace alama ce ta haɗari? Wa zan nema in na koma gida? In likita ya ga kin cika tambaya, ki tuna jikinki ne za a yanka, amsar kuma haƙƙinki ce.

Yayata ta samu sauƙi, zoben ya fita da kansa. Daka dai har yau Inna ba ta bar ta ta yi ba.