Gona ta Manomi, Arzikin Ƙarƙashinta na Abuja

A jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka, hukuma kan haɗe gonakin mutane da dama su zama yanki guda na haƙar mai, galibi eka 1,280. Ana raba ladan mai ƙasa gwargwadon faɗin gonar kowa a cikin yankin. Idan yarjejeniya ta ba masu ƙasa kashi ɗaya cikin 8, mai eka 40 a yanki mai eka 640 zai samu ɗaya cikin 128 na kuɗin man. In aka ninka yankin, rabonsa daga kowace rijiya ya koma ɗaya cikin 256. Shi ya sa manoman can suke jayayya kan iyakar yanki har gaban alƙali.

Manomin Sabuwa ba shi da abin jayayya, domin dokar Nijeriya ba ta sanya shi cikin lissafin ba. Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya mai, iskar gas da duk ma'adinan ƙasar. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta yarda a ba kamfani hayar haƙa mai faɗin murabba'in kilomita 50, wato hekta 5,000. Wanda gonarsa ta faɗo ciki sai ya haƙura da diyya da kuɗin hayar fili, ko da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara ko zinariya aka kwashe daga ƙarƙashinta.

Masu kare wannan tsari suna kafa hujja da kashi 13 cikin ɗari na asalin arziki. Amma wannan kuɗi asusun jiha yake shiga. Kashi 3 da Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ware wa al'ummomin yankin kuwa daga kuɗin gudanarwar kamfani ake cire shi, ba ruwansa da yawan man da aka haƙo.

Sakamakon a fili yake. Wanda doka ta hana shi rabo ba ya ganin dalilin korar mai haƙa ta ɓarauniyar hanya, musamman idan shi ne kaɗai yake miƙa masa wani abu a hannu. Zamfara ta ga ƙarshen irin wannan haƙa a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara.

Wajibi ne wakilan Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara a Majalisar Tarayya su nemi gyaran dokar 2007: a yanke wa masu gonaki kaso bayyananne daga ladan ma'adinai, a raba shi bisa hekta, kuma a hana faɗaɗa filin haya sai da amincewarsu a rubuce.