Kankiya da Kusada, Mu Ware Kuɗin Tsufa Tun da Sauran Ƙarfi

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na Kankiya da Kusada, ku tsaya mu faɗa wa juna gaskiya. Kowa a nan ya san yadda kuɗin garatuti ke ƙarewa. Malamin firamare ya yi shekara 35 yana shaƙar ƙurar alli, ya ajiye aiki, ya yi jira har ya gaji. Ranar da kuɗi suka shigo, kafin la'asar zaure ya cika. Ɗa zai yi aure, ƙane na neman jari, ga kuma wani mai sheƙin shadda da waya biyu ya zo da harkar da wai ke ninka kuɗi cikin wata guda. Damina biyu ba ta zagayo ba, Malam na aika yaro karɓo bashin masara a shagon maƙwabci.

Wannan mai shaddar ku kore shi! Harkar ninka kuɗi ta MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, aka yi kuka, aka manta. A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita, har da masu ilimin da ke yi wa wasu dariya. Duk wanda ya yi maka alkawarin ribar da ba a samu a noma, ba a samu a kiwo, kuɗin na bayanka zai ba ka, ranar da na baya suka ƙare kuwa kai ne abincin. Banki mai lasisi ko ya durƙushe akwai madafa. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta biya masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 kowanne. Wa ya biya mutanen CBEX?

Na san abin da ke hana da yawanmu zuwa banki: tsoron kuɗin ruwa. Hujja ce mai ƙarfi a da. Yanzu akwai bankunan da ba sa hulɗa da ruwa: Jaiz na aiki tun 2012, TAJ tun 2019, kuma a tsarin fansho na ƙasa akwai asusu na shida da ba a juya kuɗinsa da ruwa. Ɗan acaɓa, tela, mai sayar da fura, ku ma an buɗe muku ƙofar fansho tun 2019: ka zuba abin da ya sauwaƙa, wani kaso ka iya cira in lalura ta taso, sauran ya jira tsufanka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Manoma, ku ne kuka fi ba ni tausayi, kuma ku zan fi yi wa faɗa. A karɓi bashin taki da damina bisa sharaɗin biya da buhu, kaka ta yi a kwashe gero da wake a farashin da mai bashi ya yanka, bazara ta zo a sayo abin da aka noma da tsada. Wa aka yi wa noman? In bashin ya zama dole, a yanke adadi, a sa rana, a rubuta da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce kunya. Bashin waya da ake ba ka cikin minti biyar kuwa, ranar da ka makara duk lambobin da ke wayarka za su ji labari, har surukai.

Kada kuma a tara komai wuri guda. Kuɗin ƙarƙashin katifa tsada ta cinye su, don a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Shanu dukiya ne, amma mun ga ɓarayin daji sun kore garken shekara ashirin a dare ɗaya. Masu ɓoye hatsi ma sun ji jiki a 2025 da farashi ya faɗo. A raba: kaɗan a banki, kaɗan a tumaki, kaɗan a rumbu. Iyaye mata, adashe na da kyau, amma kwasar kada ta ƙare duka a anko da kayan ɗaki.

Limamai, ku ɗauki maganar nan a huɗubar Juma'a. Shugabannin ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa da direbobi, ku gayyato jami'an fansho su zo su yi bayani da Hausa a gaban kowa, a yi musu tambayoyi har a ƙure su. Ma'aikacin da ake cire wa kuɗin fansho kuwa, a makon nan ka nemi takardar asusunka ka duba wata-wata, ka ga ko abin da aka cire ya shiga.