Rufin Asiri ne ko Ɓoye Mai Laifi?

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a ikkilisiyoyinmu, wadda ya kamata dattawa su duba da idon basira. Idan ɗan ikkilisiya ya aikata babban laifi, sai a ce a kashe maganar a cikin gida. A tura yaron ƙauye wurin kawunsa kafin 'yan sanda su iso. A je a roƙi iyayen yarinyar da aka lalata su janye ƙara. A ce wa wanda ya gani da idonsa ya ja bakinsa ya yi shiru. Mu muna kiran wannan rufin asiri, amma doka tana kiransa laifi.

Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewacin Nijeriya a shekarar 1960, ba ta bar wannan a duhu ba. Sashe na 167 ya tanadi hukunci ga wanda ya san an yi laifi, sa'an nan ya ɓatar da shaida ko ya faɗi ƙarya domin ya kare mai laifin. Dokar tana kuma magana a kan wanda ya ɓoye mai laifi don kada a kama shi. Sashe na 158 kuwa ya ce shaidar zur a gaban kotu tana iya kai mutum ɗaurin shekara 14. Jihar Kaduna ta yi sabuwar dokarta a 2017, lambobin sassan sun canja, amma laifuffukan suna nan. Babu inda aka ce ban da fasto ko dattijo. Kyakkyawar niyya ba ta wanke mutum a gaban alƙali.

Na san abin da ke sa mu yin haka. Mu ba mu da yawa a wuraren da muke zaune. Akwai iyalan da aka kama ɗansu ba gaira ba dalili, sai da suka sayar da akuya kafin ya fito. Akwai kuma tsoron kada laifin mutum ɗaya ya zama dalilin da za a far wa majami'a duka. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Amma mu tambayi kanmu: ranar da asiri ya tonu, me maƙwabta za su ce? Ba za su ce wane ya yi laifi ba, za su ce ikkilisiya ce ke ɓoye masu laifi. Abin da muke gudu shi muka jawo wa kanmu. Ban da haka, sau da yawa wadda aka cuta 'yarmu ce, tana zaune a benci ɗaya da mu. Idan muka rufe mata baki, wa muka kare?

Wasu sukan kawo 1 Korintiyawa sura 6, su ce an hana mu kai ɗan'uwa ƙara. Manzo Bulus yana magana ne a kan 'yan rigingimun yau da kullum tsakanin masu bi, irin waɗanda dattawa za su iya sasantawa. Bashi, iyakar gona, ɓacin rai, waɗannan a sasanta su. Fyaɗe da kisan kai da fashi kuwa sun fi ƙarfin zaman dattawa. Shi Bulus ɗin ne ya rubuta Romawa sura 13 a kan aikin hukuma. Da aka tsare shi kuma bai nemi a ɓoye shi ba, haƙƙinsa ya nema, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

Mu ma doka ta ba mu haƙƙi, rashin saninsa ne yake cutar da mu. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har sai ya ga lauya. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Hukumar ba da tallafin shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana nan domin marasa ƙarfin ɗaukar lauya.

Saboda haka, dattawa, idan an zo neman ɗanmu, mu raka shi da kanmu. Mu nemo masa lauya, mu tsaya masa a beli, mu kai masa abinci, mu yi addu'a tare da shi. Kada mu koya wa mai shaida abin da zai faɗa, kada mu taɓa littafin kuɗin ikkilisiya idan ana bincike, kada mu ba kowa toshiyar baki. Mu kuma tsaya tare da wanda aka cuta. Gafara tana wurin Allah ga duk mai tuba, amma tuban gaskiya ba ya gudun bincike.

Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin hali. Amin.