Bakin Tekun Masu Tsiraici

A 1920 aka buɗe bakin tekun masu tsiraici na farko a Jamus, a tsibirin Sylt da ke arewacin ƙasar. Har yau, in ka ga allo ɗauke da haruffan FKK a gaɓar ruwa, to mutanen da ke gabanka tsirara suke haihuwar uwarsu. Baƙon da ya leƙa karon farko yakan zaci masha'a zai tarar, sai ya iske dokoki birjik: ba a zama kan benci sai an shimfiɗa tawul, ba a ɗaukar hoto, ba a ƙura wa kowa ido, wanda ya kawo iskanci kuma a sallame shi. Da yawansu ma dattawa ne masu furfura da tumbi, suna karatun jarida abinsu. A tsohuwar Jamus ta Gabas gwamnatin gurguzu ta hana al'adar a shekarun 1950, jama'a suka yi kunnen uwar shegu da ita, dole ta janye. Na yarda ba duka ne 'yan iska ba, ko da yake ni ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan tuɓe ba. Hujjarsu ce ba ta gamsar da ni ba, wai cire tufafi yana shafe bambancin mai kuɗi da talaka. Misali, a Cap d'Agde ta Faransa, akwai unguwa guda ta masu tsiraici, da kantuna da gidajen abinci, amma sai ka biya kuɗi a ƙofa kafin ka shiga, hayar ɗaki kuwa a lokacin zafi sai mai hannu da shuni.