Nijar ta karɓe Somair, amma wa zai auna gubar Arlit?

A Madarunfa, idan aka ambaci yuraniyom, matasa kan ɗauka magana ce ta mutanen Agadas. Ba haka ba ne. Arlit ita ce hanyar Aljeriya, kuma 'yan ci-rani daga jihar Maradi nan suke yada zango, su sha ruwan garin, su shaƙi ƙurarsa.

Kamfanin Cominak ya fara haƙa a Akokan a 1978, ya rufe a ƙarshen Maris 2021, ya bar dusar ma'adini kusan tan miliyan 20 jibge a fili. Dusar tana fitar da iskar radon, wadda ba ta da wari ko launi, amma tana jawo sankarar huhu. A rahotonta na 2010, ƙungiyar Greenpeace ta ce huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba a yankin sun zarce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan yuraniyom. Tun 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa, bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man, ta tarar da gurɓatattun ƙarafan kamfani a kasuwar Arlit, irin waɗanda talaka ke saya ya rufe ɗaki.

Abin takaicin shi ne, alƙaluman da aka fi kafa hujja da su baƙi ne suka zo suka auna.

Mutanen Maradi sun san kuɗin rashin awo. A Tibiri, ruwan famfo mai sinadarin fulorayid fiye da kima ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, aka yi shekaru ana sha kafin a farga. Guba ce daban, amma sakacin iri ɗaya ne.

A watan Yunin 2025 gwamnati ta mayar da Somair mallakar ƙasa, jama'a suka yi murna. To amma wanda ya gaji ma'adini ya gaji juji. Akwai cibiyar nazarin sinadaran nukiliya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maradi cike da ɗaliban kimiyya. A ba su na'urori da kuɗin bincike, su riƙa auna rijiyoyi da nonon raƙuma a Arlit, da ƙarafan 'yan gwangwan a kasuwanni har zuwa Ɗan Isa, sannan a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Buzanci.