Ƙanin da Aka Yada Shi Ma Ɗan Tsere Ne

Hausawa suna da suna biyu ga tseren gudu mai dogon zango. Wasu suna cewa gudun fanfalaki, wasu kuma suna cewa gudun yada ƙanin wani. Dubi suna na biyun da kyau, ya kai mai karatu. Yada abu shi ne jefar da shi. Wato gudu ne wanda idan ƙaramin yaro ya biyo manya, tilas a bar shi a hanya, domin ba zai iya jurewa ba. Sunan yana da ban dariya, amma yana nuna yadda mutane da yawa suke kallon tsere: na gaba shi ne ɗan wasa, na baya kuwa abin tausayi ne. Ni ban yarda da wannan ba. A ganina, tseren da ake yi a titunan birni na wannan ƙanin ne kafin ya zama na kowa.

Ɗauki misalin tseren birnin Legas, wanda aka fara a shekarar 2016, ake kuma yin sa galibi a watan Fabrairu. Tsawonsa kilomita 42.195 ne, kamar kowane cikakken gudun fanfalaki a duniya. An saba tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere da sassafe, a hau gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. Abraham Kiptum na Kenya ne ya lashe na farko. Irinsu Kiptum sukan gama cikin sa'a biyu da 'yan mintoci, su karɓi kyauta, su koma masauki. Amma su nawa ne? 'Yan ƙalilan. Dubban da suka cika titi a bayansu malamai ne, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan jinya, da direbobi, mutanen da suka san tun daga gida cewa ba za su samu ko sisi ba.

Ka ɗauka kana cikinsu. Ka tashi tun kafin asuba, ka maƙala lambarka a ƙirji, ka tsaya cikin taron da ba ka san kowa ba. Da aka ba da alamar tashi, ba ka ma iya gudu ba saboda cunkoso, sai da ka yi tafiya ta ɗan lokaci. Kilomita goma na farko akwai daɗi: iska da sanyi-sanyi, jama'a suna tafi a gefen hanya, jikinka kamar ba naka ba don sauƙi. Sai ka hau gada. Tsawonta ya kusa kilomita 12, ba inuwa, ba 'yan kallo sosai, ruwa dama ruwa hagu, ba abin da kake ji sai ƙarar takalma da numfashin na kusa da kai. A nan rana take fara ɗagawa, kuma zafin Legas mai gumi ne. Wajen kilomita 30 ne ƙafafu sukan yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse, domin abincin da jiki ya adana a tsoka ya kusa ƙarewa. Za ka ga ƙato ya zauna a bakin titi yana riƙe da ƙafa. Za ka ga dattijuwa ta wuce ka a hankali, ta ce maka ka daure. Wani ya miƙo maka ruwa, bai tambaye ka garinku ko yarenku ba.

Wanda ya yi sa'a biyar ko shida a wannan hali har ya kai ƙarshe, wa zai ce bai yi komai ba? Ya daɗe a rana fiye da zakara ninki biyu. Lambar yabon da aka rataya masa a wuya ba ta da tsada, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Masu sukar wannan tsere suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa ana rufe manyan hanyoyi, mai zuwa kasuwa da mai zuwa asibiti su sha wahala. Gaskiya ne, kuma wajibi ne masu shiryawa su sanar da wuri, su buɗe wasu hanyoyin. Sai dai safiya ɗaya ce a shekara. Sauran kwanakin duka titin na motoci ne, mai tafiya a ƙasa yana raɓe-raɓe a gefe kamar baƙo. Suna kuma cewa 'yan Kenya da Habasha ne suke kwashe manyan kyaututtuka. Wannan ma gaskiya ne. Amma waɗannan ƙasashe ba a dare ɗaya suka kai nan ba. Tun a 1960 Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a gasar Olamfik ta birnin Rum, ba ko takalmi a ƙafarsa. Yaransu suna tasowa a kan tuddai, suna ganin manya suna gudu, su ma su bi. Mu ma muna da tuddai. Ba mamaki da yawa daga cikin 'yan Nijeriya da suke yin fice a dogon gudu daga Jihar Filato suke fitowa, maza da mata. Zakara daga cikin taro yake fita. Idan ba taro, daga ina zai fito?

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne mutum ya ga tsere a talabijin, ya yi rajista, ya faɗa ciki ba shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kilomita 42 ba na ɗan sakandare ba ne. Jikinka yana kan girma, kuma ko babba yakan yi watanni yana horo kafin ya gwada. Akwai gajerun tsere, kamar na kilomita 10 da ake yi a Okpekpe ta Jihar Edo, kuma ko shi sai an shirya masa. Wanda yake da ciwon zuciya ko asma ya fara ganin likita. Kada a sa sabon takalmi ranar tsere, domin zai ji wa ƙafa ciwo. A sha ruwa kaɗan-kaɗan a hanya. Idan jiri ya kama ka, ka tsaya. Tsayawa a nan ba abin kunya ba ne.

Ke ma ɗaliba, maganar ta shafe ki. An daɗe ana hana mata dogon gudu da sunan ba za su iya ba, har sai a 1984 aka sa gudun fanfalaki na mata a gasar Olamfik. Yau suna cikin kowane babban tsere, wasu da gajeren wando, wasu da dogo da ɗankwali.

Idan filin makarantarku mai zagayen mita 400 ne, zagaye 25 shi ne kilomita 10. Fara da uku ranar Asabar mai zuwa, da gudun da za ka iya yin magana a cikinsa ba tare da haki ba. Mako na gaba ka ƙara ɗaya. Ka tafi da ƙaninka, kuma idan ya gaji ka jira shi.