Laifi Tudu Ne: Mu Binciki Inda Aka Makara

Duk lokacin da haihuwa ta zo da gardama har aka rasa uwa ko jariri a garuruwanmu na Ikara, Maƙarfi da Kudan, kafin a tashi daga zaman makoki an riga an sami wanda za a ɗora wa laifi. Dangin mata su ce miji ne ya yi sakaci, dangin miji su ce ungozoma ce. Wasu su ce kishiya ce ta yi asiri. Idan a asibiti abin ya faru, a ce ma'aikatan jinya ne. Sai a watse da gaba, ba a gyara komai ba, baɗi wata mace a gidan ta sake faɗawa irin wannan hali.

Tambayar da ke ceton rai ita ce: a ina aka makara?

Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti a Zariya. Sakamakon da ya fito a 1985 ya nuna cewa matan da ba su yi awon ciki ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. A 1994 kuma Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka bayyana jinkiri uku da ke hallaka masu ciki: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kowa na da kasonsa, har da asibiti.

Shi ya sa tsarin bitar mutuwar masu haihuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ya ce kada a kama suna, kada a ɗora laifi. Ma'aikacin da ke tsoron zargi zai ɓoye gaskiya, kuma abin da aka ɓoye ba ya gyaruwa. Haka yake a gida. Yarinyar da ta san za a kira ta raguwa za ta ɓoye naƙuda. Uwar mijin da ke tsoron faɗan ɗanta za ta jira shi ya dawo daga kasuwa, alhali zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu.

Zargi yana kuma karkatar da hankali daga magani. Jijjiga na da alaƙa da hawan jini, kuma sau da yawa tana ba da alama: ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi. Akwai allurarta a asibiti. Lokacin da aka ɓata ana hayaƙi da neman wanda ya yi jifa, na ceton rai ne.

Maigida, ka ba da izini tun yau cewa ko ba ka nan a kai iyalinka asibiti. Ka ajiye kuɗin mota, ka karɓi lambar direba, musamman idan kuna ƙauye kamar Furana. Ka tanadi 'yan'uwa biyu da za su ba da jini. Uwargida, ki fara awo tun cikin watanni uku na farko. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas. Naƙuda in ta wuce awa 12, a tafi asibiti.

Idan kun ga sakaci a asibiti, ku kai koke ga shugabar ɗakin haihuwa, ku faɗi lokaci da abin da ya faru, don a gyara. Allah Ya raba lafiya.